Barkar Bakwaini: Me Ya Kamata Mu Riƙa Kai Wa Mai Jegon Da Jaririnta Ke Kwalba?

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta gabanku mu duba tare. Magana ce a kan barka, musamman barkar haihuwar da ta zo da jinya, wato wadda aka haifi bakwaini ko jaririn da aka riƙe a asibiti.

Shekara biyu da suka wuce, cikin tsakiyar hunturu, ƙanwata ta haihu ciki yana da mako 32. Hawan jini ne ya taso mata, likitoci suka ce ba za a iya jira ba, aka yi mata aiki. Yaron ya zo da nauyin kilo 1.6, ko ganinsa ba ta yi ba aka wuce da shi kwalba. Kwana 23 muka yi a asibitin, ni ce mai jinya. A cikin kwanakin nan 'yan uwa da abokan arziki sun yi mana kara, Allah ya saka musu da alheri. Da muka koma gida na ƙirga abin da aka kawo: turamen atamfa goma sha ɗaya, setin kayan jarirai har da takalma, hoda, man shafawa, turaren wuta, gwangwanin madara biyu da bulumboti. A cikin tarin kayan nan, abin da muka yi amfani da shi a asibiti bai wuce sabulu da omo ba. Rigunan duka sun yi wa yaron yawa, sai da ya kusa wata uku sannan ya fara sa su.

A daren kwana na huɗu aka ce ana buƙatar jini. Mijin ƙanwata ya tsaya a baranda yana ta kiran waya, kuɗin hannunsa sun ƙare a magani da gwaje-gwaje, ga atamfofi jibge a gida. Wanda ya fitar da mu kunya a daren shi ne wani abokinsa mai tuƙa Keke Napep, ya zo ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ya sha lemo ya koma bakin aikinsa. Sai kuma wata maƙwabciya da ba ta kawo ko ƙyalle ba, amma kullum da safe sai ɗanta ya iso da kular abinci da fulas ɗin ruwan zafi, har ranar da aka sallame mu. Mutum biyun nan su muke fara ambata duk lokacin da aka tuna da wannan jinya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: idan haihuwa ta zo da kwanciyar asibiti, mu jinkirta kayan barka irin na al'ada, mu fara da abin da zai taimaka wa jaririn ya rayu, uwar ta samu ƙarfi, uban kuma ya samu sauƙin aljihu. Atamfa ba ta ruɓewa, za ta jira ranar sallama.

ABIN YA FI YADDA MUKE ZATO YAWA

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ce ta gida ɗaya ko biyu. A lissafin likitoci, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, ko da bai zo a wata bakwai daidai ba. Wanda kuma nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, shi ma yana buƙatar kulawa ta musamman ko da watanninsa sun cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Matsalolin da ke biyo bayan irin wannan haihuwa su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya.

A nan Bauchi, duk wanda ya taɓa leƙa sashen kula da jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san abin da nake faɗa. Ba mutanen cikin gari kaɗai ake kwantarwa ba. Ana turo jarirai daga garuruwan da ke kewaye, uwa ta taho daga Dass ko Alkaleri ko Toro da zani ɗaya a jikinta, ba ta san kowa a gari ba. Ko a unguwanninmu, daga Jahun zuwa Yelwa, daga Fadaman Mada zuwa Ƙofar Ran, da wuya a samu zuriyar da ba ta taɓa ganin wannan jarrabawa ba. Abin da ya sa ba ma jin labarin sosai shi ne mun saba rufe shi, kamar wani abin kunya.

Kayan barkarmu an tsara su ne don haihuwar da ta zo lafiya: mai jego tana ɗaki, tsohuwa tana yi mata wanka, jariri yana kan gado ana miƙa shi hannu zuwa hannu, rana ta bakwai a yanka rago. A irin wannan gida atamfa da turare da kayan kwalliya suna da muhalli. Mai jegon da ke asibiti kuwa rayuwarta dabam ce. Tana kwana a gadon asibiti ko a kan tabarma, ga ɗinki a ciki, duk bayan awa biyu ko uku sai ta tashi ta tatsi nono an kai wa jaririn da ake ba shi ta robar hanci ko ta ɗan kofi. Ba dare ba rana. Ba ta da inda za ta ajiye akwatin kaya, ba ta da hankalin duba zanen atamfa. Abin da ke ranta shi ne me ma'auni zai nuna gobe da safe.

ABIN DA YA FI AMFANI

Na farko shi ne kuɗi, kuma ina so mu daina jin nauyin faɗin haka. Jinyar jariri tana cin kuɗi kullum: magani, allura, gwajin jini, iskar oksijin, famfas, kuɗin mota safe da yamma, abincin masu jinya. Uban yaro sau da yawa ya bar shagonsa ko aikinsa yana zirga-zirga, shiga ta tsaya, fita ta ninka. Kuɗin da za ki sayi turmi ɗaya a Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, idan kika tura su kai tsaye, za su iya zama maganin kwana biyu. A ba da a asirce, a hannun uban ko uwar, ba a gaban jama'a ba. Kuma kada a jira sai sun roƙa. Mutumin Bauchi zai iya sayar da wayarsa kafin ya buɗe baki ya ce ba shi da shi.

Na biyu shi ne jini. A asibitocinmu an saba idan za a yi wa majinyaci ƙarin jini sai danginsa sun kawo wanda zai bayar. Uwar da aka yi wa aiki tana iya buƙata, jaririn da shawara ta yi wa tsanani ana iya canza masa jini, bakwainin da ya daɗe a kwance jininsa yana iya yin ƙasa. Duk mai lafiya da ke tsakanin shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, zai iya zuwa a gwada shi. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Samarinmu da ke cewa ba su da abin kai wa barka, ga barkar da ta fi ta kowa. Ko ba a nema ba, ka kira uban ka ce masa: "Ga lambata, ko tsakar dare ne idan ana neman jini ka kira ni." Wannan kalma kaɗai tana sa mutum ya yi barci.

Na uku shi ne abinci, kuma abinci na kullum, ba na rana ɗaya ba. Nonon uwa shi ne babban maganin bakwaini. Yana kare shi daga cututtuka, musamman wani mugun ciwon hanji da ke kama jariran da ba su isa haihuwa ba. Uwar da ba ta ci ta ƙoshi ba, ba ta sha ruwa ba, ga damuwa, tatsar nono tana yi mata wuya. Abin da na lura da shi shi ne a kwana uku na farko abinci yana yin yawa har a rasa inda za a kai shi, daga mako na biyu kuma sai ɗif. Maimakon haka mata biyar ko bakwai su raba kwanaki, kowace ta san ranarta. Tuwo da miyar ganye, faten wake, farfesun kaza ko kifi, ƙwai, kunun gyaɗa, lemo da ayaba da kankana daga Muda Lawal. A tuna da mai jinya ita ma, domin ita ce ke wanki da aike.

Na huɗu shi ne ɗaukar nauyin gidan da aka bari. Mai jego tana asibiti, amma rabin zuciyarta yana wurin yaran da ke gida. Wa zai yi musu wanka, wa zai kai su makaranta da Islamiyya, wa zai dafa musu? Wadda ta ce "ki bar mini su, suna wurina har a sallame ku" ta ba da abin da ba a sayarwa a kasuwa. Mai abin hawa ya ɗauki nauyin kai abinci ko kai uban asibiti da safe. Mai shago ya duba wa maƙwabcinsa shago. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan kuma mutum ya fi son ya riƙo wani abu a hannu, to ga waɗanda na ga amfaninsu da idona. 'Yan ƙananan huluna da safa na auduga, domin bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, kuma ta kai yake yawan asarar zafin jikinsa, balle a hunturun Bauchi. Famfas mafi ƙanƙanta da za a samu. Sabulu marar ƙamshi da man tsaftace hannu. Ƙananan kofuna masu murfi na tatsar nono. Fulas, bokiti, tabarma da bargo da gidan sauro na mai jinya. Caja da abin ajiyar caji da katin waya. Na'urar gwada zafin jiki, wadda za ta yi amfani sosai bayan an koma gida, domin ana son zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Sai kuma zannuwa masu laushi da aka riga aka wanke, da riga mai buɗewa ta gaba.

Bari in tsaya a kan zani da rigar nan, domin suna da labari. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga kwalaben asibitinsu sun yi kaɗan, jarirai suna mutuwa. Sai ya fara sa iyaye mata su ɗora jaririn a ƙirjinsu, fata da fata, a ɗaure shi da zani, daga shi sai hula da kunzugu. Ɗumin jikin uwa ya zama kwalba, nono yana kusa, numfashin yaro yana daidaita. Shi ne ake kira tsarin kangaru. A shekarar 2021 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Najeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya wakilce mu. An gano cewa fara wannan goyo tun daga haihuwa ya rage mutuwar jariran da nauyinsu ke tsakanin kilo 1 da 1.8 da kashi 25 cikin 100. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta a hukumance, tana so a riƙa yi daga awa 8 zuwa 24 a rana. Mu da muka gaji goyo kaka da kakanni, abin da aka ce mu yi kawai shi ne mu mayar da shi gaba. Awa takwas kuwa ba wasa ba ne ga mace mai ɗinki. Uba zai iya karɓar ta, kaka za ta iya, yaya za ta iya, matuƙar mutum yana da lafiya da tsafta kuma ma'aikata sun amince. Mijin ƙanwata da farko kunya ta hana shi, daga baya sai da aka riƙa roƙonsa ya miƙo yaron.

ABIN DA YA KAMATA MU AJIYE A GIDA

Akwai kayan da muke kaiwa da zuciya ɗaya amma suna iya cutarwa. Turaren wuta da hoda da turare mai ƙarfi ba su dace da huhun da bai gama ƙwari ba. Ƙwallayen kafur da muke jefawa cikin akwatin tufafi suna da haɗari na gaske: akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gada, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa a ƙasarmu musamman ga 'ya'ya maza, kuma jaririn da ke da shi idan ya shaƙi kafur ko aka sa masa kayan da suka kwana da shi, jininsa yana iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Duk tufafin da za a kai wa jariri a wanke su a shanya a rana tukuna.

Madarar gwangwani da bulumboti ma kada a kai sai idan likita ne ya rubuta. Kyautar madara tana karya wa uwa gwiwa a daidai lokacin da take fama ruwan nono ya zo, bulumboti kuma yana da wuyar wankewa. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Jiƙe-jiƙe da tsimi da duk wani abin ɗurawa a baki, a bar su. Bakwaini ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi yadda ya kamata sai wajen mako na 34, shi ya sa ake ba shi nono ta roba, ɗigo kaɗan na wani abu yana iya sarƙe shi. Wanda ya kawo zamzam ko dabino don neman albarka, Allah ya ba shi lada, a ba uwar ta ci ta sha, a yi wa yaron addu'a. Cibiya ma kada a kawo mata man goge baki ko toka ko wani haɗi. Akwai man cibiya na asibiti da ma'aikata ke bayarwa, shi za a bi.

Sai maganar kunun kanwa, wadda na san iyayenmu mata ba za su ji daɗinta ba, amma a yi mini afuwa. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan yankin, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Da yawa daga cikin matan da ke haifar bakwaini hawan jini ko jijjiga ne ya jawo. Wadda aka ciro daga wannan hali, a kawo mata kofin kunun kanwa safe da yamma, ai an mayar da ita inda ta fito. A tambayi likitanta kafin a dama.

BAKINMU MA KAYAN BARKA NE

Abin da ya fi yi wa ƙanwata ciwo a jinyar nan ba ɗinki ba ne, maganganu ne. Wata ta leƙa ta taga ta ce, "Kai, wannan kamar ɗan ɓera, anya kuwa?" Wata ta zauna ta lissafo mana duk bakwainin da ta sani da bai yi rai ba. Wata ta ce ai yawan aikin da take yi ne ya jawo. Bayan sun tafi, ni ce nake kwana ina share hawaye, nonon da ake lallaɓawa kuma ya ƙi zuwa a daren.

Wasu kuma ba sa yin barkar sam, wai a bari a ga ko zai tsaya. Wannan kuskure ne. Matar nan ta haihu, ɗanta ne, tana son a taya ta murna da shi ko da yana cikin kwalba. A ce mata barka da arziki, Allah ya raya, Allah ya ba shi lafiya. A tambayi sunansa a riƙa kiransa da shi. Kada a ce mata ai bakwaini ya fi ɗan wata takwas rayuwa ko akasin haka, domin duk makon da yaro ya ƙara a ciki ƙarin ƙarfi ne a gare shi, sauran kuma na Allah ne.

Akwai wata muguwar ɗabi'a da dole in ambata: ƙirga wa amarya watanni. Yarinya ta haihu wata bakwai da biki, jaririnta yana tsakanin rai da mutuwa, wasu suna gefe suna lissafi da yatsu. Mu ji tsoron Allah. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tabbatar cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne, sun ciro hakan ne daga haɗa ayar Suratul Ahƙaf da ta ambaci wata talatin na ciki da yaye, da ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu na shayarwa. Wanda bai kawo komai ba, ya kawo shirunsa.

Game da ziyara kuma, idan ma'aikata sun hana shiga ɗakin jarirai, kada a yi fushi ko a nemi alfarma. Murar da babba zai yi kwana uku ya warke tana iya kwantar da bakwaini a kan iskar oksijin. Mai tari ko mura ko zazzaɓi ya yi gaisuwarsa ta waya. Wanda ya je ya taƙaita zama, minti goma ya isa. Kada a ɗauki hoton jariri da robobi a jikinsa a watsa a WhatsApp ko Facebook ba da izinin iyayensa ba. Dangi su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa ba da labari, don kada mai jego ta amsa tambaya ɗaya sau arba'in a rana.

GA MASU CEWA AL'ADA FA?

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a gida. Za a ce barka ba biyan kuɗin magani ba ce, mutunci ce. Dangin miji idan ba su kawo akwati an gani ba, za a ce sun raina yarinya. Biki ne, wadda ta kawo miki turmi ranar haihuwarki dole ki mayar mata da turmi. Kuma atamfa tana zama abin tunawa, kuɗi kuwa a kashe a manta.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a kashe al'ada ba. Mai jego tana son ta yi fitar suna da sabon ɗinki kamar kowace mace, wadda ta sha wahalar asibiti ma ta fi cancanta. Abin da nake cewa shi ne a sauya jeri. Mai hali ya yi biyun: taimako yanzu, atamfa ranar da aka dawo gida. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya zaɓi wanda ake buƙata yau. Mu kuma masu karɓa mu gyara littafin bikinmu, a rubuta wadda ta yi mako tana kawo abinci a layi ɗaya da wadda ta kawo leshi. Muddin turmi kaɗai muke ƙirgawa, turmi za a ci gaba da kawo mana ko muna neman jini.

Haka maganar suna. Raɗa suna ba ya buƙatar taro, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun a daren da aka haife shi. Yanka kuma ana iya yin sa a gida a rana ta bakwai jariri yana asibiti, wanda yake cikin matsi ya tambayi malaminsa abin da ya dace da halinsa. Taron mata da kiɗa da rabon kaya shi ne zai jira. Na ga inda aka matsa wa uba ya nemi sallama kafin lokaci don kada ranar suna ta wuce ba a yi taro ba. Taro ana sake shi, rai ba a sake shi.

Bayan sallama ma jinya ba ta ƙare ba. Akwai komawa asibiti a duba nauyi, a duba ido, a yi rigakafi, duk da kuɗin mota. A nan ne 'yan barka suke watsewa, a nan ne kuma ake buƙatar su. Kada a cika ɗaki, kada a riƙa karɓar yaro hannu zuwa hannu, kowa ya wanke hannu. Kada a gwada shi da ɗan maƙwabta da aka haifa rana ɗaya da shi, domin likitoci suna lissafa girman bakwaini ne daga ranar da ya kamata a haife shi, har ya kai wajen shekara biyu. Idan kuma Allah ya karɓi abinsa, a je a yi ta'aziyya cikakkiya. Kada a ce mata ai bai zama mutum ba, ko ai za ki sake wani. A bar maganar kayan jariran da aka tara sai ita ta tayar da ita, a kuma tuna cewa bashin asibiti yana nan ko yaro ya rasu.

SHAWARATA GA ƘUNGIYA

Ina roƙon shugabanninmu su sa abu uku a ajandar taro mai zuwa. Na ɗaya, a buɗe rajistar masu ba da jini, kowa ya je ya san rukunin jininsa, a rubuta da lambar waya, a damƙa wa mutum biyu amintattu. Na biyu, a ware wani kaso daga kuɗin wata-wata don haihuwar da ta zo da jinya, a fitar da shi cikin kwana ɗaya ba tare da dogon zama ba, domin taimakon da ya iso bayan sallama ya zama tarihi. Na uku, ɓangaren mata su tsara jerin masu kai abinci da riƙon yara, ya zama da zarar labari ya iso an san wa ke da Litinin wa ke da Talata. Wannan ya haɗa da maƙwabtanmu Kirista, waɗanda zumuntar matansu ta daɗe da iya irin wannan tsari, da kuma baƙuwar da aka turo daga ƙauye ba ta da kowa a gari. Idan an kai wa tamu abinci, a ƙara kwano ɗaya don ta gadon kusa da ita.

Yaron ƙanwata yanzu yana gudu a tsakar gida, ba mai cewa ya taɓa kwana a kwalba. Atamfofin nan goma sha ɗaya an ɗinka wasu, an yi biki da wasu. 'Yar hular da wata nas ta ba mu a daren farko kuwa tana nan a ƙasan akwatin uwarsa, ko lemo ba za ta rufe ba.

Iyaye mata da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ku kuka fi ni sanin wannan fage, inda na yi kuskure a gyara mini, abin da na manta a ƙara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya bisa tafarkin gaskiya. Amin.